Shekarar da Ɓaleri Ya Koma Hagu

Ruwan shuka ya sauka mana a makon nan, irin wanda yake turo iska gaba ta kwashe shanyar mata, sannan ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye na fito ƙofar gida na shaƙi ƙamshin ƙasa, na kasa kunne ko zan ji kukan sa ko da guda a tungarmu. Ban ji ba. Shanun da mutanen daji ba su kora ba, masu su sun sayar tun kafin a zo a kora. Samarin da ya kamata a ce suna gyaran garma yanzu, rabinsu suna ramukan zinari wajen Anka, sauran suna zaman jiran motar noma da aka ce za ta zo daga Gummi. Na koma zaure na zauna, sai idona ya faɗa kan tsohuwar karkiyar da ke saƙale a jikin azara, gara ta fara ɗanɗana ta. Wannan ce daminata ta farko da Markus ba ya duniya, kuma ga shi yana ƙarƙashin ƙasa amma bai bar ni na huta da kishinsa ba.

Tungarmu tana tsakanin Gummi da Bukkuyum. Kakanninmu daga wajen Zuru suka taso neman ƙasar noma, suka sauka gefen garin Musulmi, aka yanka musu jigawa. Mu Kirista ba mu taɓa yawa ba, in aka yi mana rasuwa inuwar tsamiya ɗaya ta ishe mu zaman makoki. Amma duk ƙanƙantar nan tamu majami'a biyu gare mu, kuma abin da ya raba mu ganga ce. Wasu samari suka ce a shigo da ganga da tafi cikin sujada. Dattawa, Baba Ishaku a gabansu, suka ce gangar da iyayenmu suka baro a wurin tsafi ba za ta biyo su ɗakin Allah ba. Aka ja, aka ja, igiya ta tsinke. Masu ganga suka tsallaka kwari suka gina nasu ɗakin na jinka. Mu muka zauna da ƙararrawarmu, wadda ba komai ba ce illa tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a reshen dogonyaro. Daga nan aka daina cin abincin juna, gaisuwa ma sai in hanya ta matse.

Markus yana cikin waɗanda suka tsallaka. Sa'ana ne, rana ɗaya aka yi mana baftisma a gulbi. Ni na fara shiga ruwan, amma har tsofaffinmu suka ƙare, in ana tuna ranar, waƙar da Markus ya ɗauko yana fitowa ita ake tunawa. Allah ya ba shi murya, ni kuwa matata Rifkatu ta ce in na buɗe baki a sujada sai ta duba ƙarƙashin benci ko kwaɗo ne ya shigo. Inna da ta haife ni, in iska ta kwaso muryar Markus daga tsallake, sai ka ga ta tsayar da taɓarya tana saurare, alhali ita ce kan gaba wajen tsine wa ganga. Abu ɗaya na fi shi, kuma kowa ya sani: noma. Kunyar da na ja da garma ko da igiya aka gwada ba za a sami karkata ba. Tasa kuwa sai ka ce maciji ne ya bi ta wurin.

Shanun huɗa biyu gare ni a lokacin, amma Ɓaleri ne nawa na zuciya. Wani Bafulatani maƙwabcinmu ne ya ba ni shi yana ɗan maraƙi, uwarsa ta mutu, ana ganin ba zai kai labari ba. Da sunansa ya zo, wai baƙi ke nan a bakinsu. Da yatsana na koya masa shan kunu a ƙwarya. A ɗakina ya yi sanyin farko, Rifkatu tana mita tana share kashi. Ya tashi ya zama sa baƙi wuluk mai tozo kamar tulu, in na yi gyaran murya daga bakin hanya shi yake fara amsawa kafin 'ya'yana.

Shekarar da nake ba da labarinta, kakar da ta gabace ta ba ta yi albarka ba, don haka tun bazara rumbuna suka fara ƙara irin ta wofi in an ƙwanƙwasa. Bazarar kuwa ta yi zafin da ban sake ganin irinsa ba. Ƙasa ba ta takuwa da rana, rijiya ta koma sai an jira ta tsatso, kadangaru ma baki buɗe suke yini. Ana cikin wannan ciwon shanu ya ratso. Sa zai kwana lafiya, da safe ka tarar idonsa yana hawaye, bakinsa yana dalala, kafin ka gama jiƙa masa sassaƙe zawo ya kwantar da shi. Ungulaye suka ƙoshi har suka daina tashi in mutum ya matso. Abokin aikin Ɓaleri ya tafi. A duk gidajen masu ƙararrawa Ɓaleri kaɗai ya tsira. Can tsallake kuma, muka ji labari a bakin mata, sa ɗaya ya rage musu, wani tsoho mai launin toka, na Markus.

Ruwan farko ya zo muka yi shuka da murna, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Kullum hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta zo ta watsa shi, mu koma gida da ƙasa a haƙora. Shukar ta murɗe ta ƙone. Muka sake zuba irin da ya kamata a ce mun ci. Da ruwan ya tashi dawowa kuwa sai ya dawo da fushi, ba dare ba rana, gero ya miƙe, ciyawa ta miƙe ta fi shi sauri. A lokacin tuwo ya zama na sau ɗaya a yini, daga baya ya zama na tunawa. Rifkatu takan fita da asuba ta yago tafasa da rama, ta dafa, ta barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri ya wadatar. Dusar da a da ake ba awaki ita ake damawa a ba yara. Ƙato ya ɗaga fartanya sau kaɗan sai ya ga gonar tana juyawa, ya nemi gindin kalgo ya zauna. Kowa ya san in ba a yi huɗa aka binne ciyawar nan ba kafin marka ta kankama, to baɗi ma yunwa ce, kuma wadda ta fi wannan. Maƙwabtanmu Musulmi su ma ciwon bai bar su ba, 'yan shanun da suka rage musu layin masu jira ya fi ƙarfinsu.

Na tafi wurin Malam Garba masassaƙi, Musulmi ne, shi ke sassaƙa wa kowa turmi da ƙota da karkiya. Na ce ya yi mini 'yar gajeriyar karkiya ta sa guda. Ya ajiye gizago ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ayuba, jiya warhaka Markus na nan zaune inda kake, abin da yac ce min ke nan. Sa guda, da yunwa bisa yunwa, shi ja garma cikin jiƙaƙƙar ƙasa? Kashe shi za ka yi. Kai da guda, shi da guda. To mi ar rage?"

Na ce, "Malam, ba ka san abin da ke tsakaninmu ba."

"Na sani mana, ganga ta. Ni dai abin da ban gane ba, ku ba Almasihu guda kuka kira ba? Ko na tsallake daban shike?"

Na taso na kama hanya. A gida na faɗa wa Rifkatu ina jiran ta taya ni jin haushi. Sai ta kama hannuna ta kai ni bakin rumbu ta ce in leƙa. Na leƙa, na ga ƙasan rumbun a share kamar an shirya shi don baƙo.

"Baban Talatu," ta ce, "ɗiyanka ba su cin ƙararrawa."

Wanda na zaci zai tsaya mini shi ne Baba Ishaku. Amma in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Tsohon ya zagaya gonakin jama'arsa da sanda, ya ga ciyawa ta kai masa gwiwa, ya dawo ya ce a je a haɗa shanun, amma kada wanda ya taka gidan wani. A rumfar Malam Garba za a gamu.

Haka aka yi. Muka zo da namu, suka zo da nasu, kowane ɓangare ya tsaya gefe yana kallon wuyan ɗan'uwansa da ya zama sillen kara. Markus ya rame har kunnuwansa sun ƙara girma, amma da ya ce, "Ayuba, ina kwana, ina gajiya?" sai da matan ɓangarenmu suka ɗaga kai. Ko gaisuwa ce in ta fito daga bakinsa sai ka ce da zuma aka dama ta. Na amsa a daƙile.

Nan matsalar da ba wanda ya hango ta fito. San huɗa yana da gefensa. Wanda aka hora a dama, a dama yake tafiya har ya mutu, wuyansa ya san inda karkiya ke zama, ƙafarsa ta san yadda ake juyawa a ƙarshen kunya. Na jawo Ɓaleri ya je ya tsaya a dama. Markus ya jawo nasa, Ɗan Toka, shi ma ya nufi dama ya sa kafaɗa yana ture nawa. Duka biyun na dama ne, na hagun ne ciwo ya kwashe.

Zo ka ga gardama. Mutanenmu suka ce mu ne majami'ar fari, mu aka tarar, don haka dama tamu ce. Na tsallake suka ce sansu ne babba a shekaru, yaro ba ya ture dattijo. Baba Ishaku har ya fara laluben aya. Malam Garba dai ya buɗe bakin wannan san ya duba haƙora, ya shafa wuyan wancan, sannan ya miƙe.

"Tsohon ga ba shi koyon hagu, ya wuce nan. Baƙin ga yaro na, kuma da hankali garai. Shi za shi komawa. In kun ƙi, ku tai ku shaida ma ciyawa ta jira ku."

Wai yabo ne, san nawa ke da hankali. Ni dai abin da na gani shi ne an tuɓe Ɓaleri daga gefensa an ba san Markus, kuma a gaban jama'a.

Aka shirya za a riƙa yi yau gonar mai ƙararrawa, gobe ta mai ganga, gwauraye da marasa ƙarfi su ne farko. Aka fara da gonar wata gwauruwa, Saratu, don mijinta namu ne har ya mutu, ɗanta kuma na tsallake ne, ba wanda zai ce an fifita wani. Safiyar akwai yayyafi, ƙasa ta yi laushi kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Muka ɗaura musu takunkumi don kada su ci gero, muka aza karkiya. Ni ke gaba da igiya tunda sana ne zai koyi sabon abu, Markus yana riƙe da garma. Ba mu yi nisa ba Ɓaleri ya fara karkata yana neman dama, ya haye Ɗan Toka, garma ta tsallake ta tuge geron gwauruwa. Muka gyara, ya sake. A ƙarshen kunya da aka zo juyawa ya rikice, ya harɗe da sarƙa, sai kawai ya durƙusa ya kwanta cikin kwarin kunya. Na ja, na lallasa, na kira shi da duk sunayen da nake kiransa tun yana maraƙi, na murɗa wutsiya. Ya sa haɓa a ƙasa ya lumshe ido. Majami'a biyu suna tsaye a bakin gona suna kallo, ruwa yana bin ƙeyata.

Markus ya saki garma ya zagayo. "Ayuba, kama garma, ka hi ni iya ta. Ba ni igiyag ga in gwada."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ba shi. Ya tsuguna a gaban Ɓaleri, bai ja ba, bai daka tsawa ba. Ya sa hannu yana sosa masa ƙasan wuya, sai ya ɗauko wata waƙa can ƙasa-ƙasa, wadda daga baya ya ce a nan take ta zo masa:

"Tashi mu tai, hantsi ya yi,
Mai gona na jiran mu.
Ba dama ba, ba hagu ba,
Inda yas sa ka, nan ne naka."

Ina gani da idona kunnen Ɓaleri ya motsa. Ya buɗe ido, ya yi wani dogon huci, ya tattara ƙafafunsa ya miƙe. Markus ya juya ya fara tafiya yana waƙar, igiya sake a hannunsa, san da na rena da yatsana ya bi shi a hagu kamar a nan aka haife shi. Mata suka rangaɗa guɗa, namu da nasu. Na danna garma a ƙasa da ƙarfin da ban san ina da shi ba, kunyar ta fito a miƙe sambal, amma ba wanda ya kalli kunyar.

Daga ranar rabon aiki ya zauna haka. Markus a gaba, ni a baya. Shi ke da fuska da kunne, ni da na yi renon rabona wutsiya da abin da ke fita ƙarƙashinta. Mukan fita tun raɓa tana jiƙa wando, mu yi ta yi har rana ta take, don shanun ba su da ƙarfin wuce haka, mu ma haka. Ƙasa tana darewa gida biyu tana binne ciyawa, tururi yana tashi, balbelu suna binmu suna tsintar tsutsa. Wanda aka yi wa aiki shi ke kawo abin sa wa a baki, kuma abin kunya ne a ce ba a kawo ba, don haka na ga gwauruwar da ta kawo dafaffen zogale a murfin kwano tana ba da haƙuri. Tun muna zama kowa da jama'arsa, har aka fara miƙo ludayi daga wancan gefen, don ƙwarya ɗaya ce kuma ba mai ƙarfin tashi ya raba. Duk gonar da muka gama, sai ka ji ana, "Allah shi yi ma Markus albarka, shi da muryatai." Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Hannuna ya yi kanta ya fashe ya sake yin wata, kafaɗata ba ta ɗaguwa in na tashi da safe, amma wai murya ce ta yi huɗa.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in muka iso gona da safe Ɓaleri ba ya kallona. Wuya yake miƙawa yana duban hanyar tsallake, da ya hango Markus sai ya saki wani kuka mai taushi da ni bai taɓa yi mini irinsa ba. Na gwada ɓoye masa ɗan gishiri a aljihu. Ya lashe gishirin, ya koma duban hanya. Wata rana da yamma ina yankan ciyawa a bayan gida, na duba ba kowa, na gwada rera masa waƙar. Ya daina tuƙa ya dube ni, ya juya mini baya. Ashe Rifkatu tana bayan danga. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, rabon da in ji dariyarta tun bazara.

"Son maso wani ƙoshin wahala," ta ce. "Baban Talatu, bar shi hakanan, kak ka sa mai wani ciwon."

Ran Lahadi ba a aiki, kowa yakan yini da sansa a gida. Wata Lahadi cikin marka, an kwana ana ruwa, muka taso daga sujada na tarar da rami a inda turke yake. Ba sai na tambayi kowa ba, ga sawun kofato, ga layin da turken ya ja a cikin laka, ya bi ta bayan gida ya gangara kwari ya haura. Na bi shi ina addu'ar Allah ya sa gonar wani ya shiga, in biya ɓarna in huta. Ina! Su na tsallake ba sa tashi daga sujada da wuri, ganga tana ta tashi. Ɗan Toka yana ɗaure a gindin wata bishiya kusa da tagar majami'arsu, Ɓaleri kuwa yana tsaye gefensa, a hagu, ya zura kansa ta tagar har ƙaho, turke yana reto a igiya. A ciki Markus ne ke ba da waƙa.

Na kama igiya na ja, ya ƙi. Ina cikin kokawa aka tashi, jama'a suka fito suka same ni. Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Lale da baƙi! San ya riga mai shi tuba!" Aka kwashe da dariya, har da Markus, ko da yake ya yi ƙoƙarin rufe baki. Ban taɓa taka harabar nan ba sai ranar. Na leƙa ciki na ga jinkarsu tana yoyo ta ko'ina, sun jera ƙore suna tarar ruwa, ta fi tamu lalacewa, na ji wani sanyi a raina. Suna da al'ada a lokacin, in an tashi sai a haɗa 'yar dusar da kowa ya kawo a dama kunu tukunya guda. Aka miƙo mini ludayi. Na so in ce na ƙoshi, cikina ya riga ni magana da ƙarfi har na kusa suka ji. Na sha, kuma ba zan ɓoye ba, na ƙara. Kafin la'asar labari ya kai rumfar Malam Garba, washegari da ya hango ni ya ɗaga murya, "Ayuba, an ce sanka ya sake ɗarika!"

Muka gama huɗa da ƙyar, gonar ƙarshe muna yi ruwa yana dukanmu. Sai jira. Wanda bai yi jiran gero da yunwa ba bai san tsawon yini ba. Ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, kullum sai ka je ka murza ka ga ko ya yi ido. Ranar da Rifkatu ta gasa tumun farko, ƙamshin ya cika gida, yara suka kewaye murhu, Inna ta karɓi nata ta riƙe tana hawaye ta kasa ci. Amfanin bai yi yawan a zo a gani ba, amma ba gidan da ya tashi hannu wofi, namu da nasu. Ranar godiyar kaka kowace majami'a ta yi tata, sai dai Baba Ishaku ya sa an kai dami guda tsallake, su ma suka aiko da nasu, aka yi kiciɓis a tsakiyar kwari.

Ni murnata daban ce. Aiki ya ƙare, kowa ya kama sansa. Na kafa sabon turke mai zurfi, na tara wa Ɓaleri harawar wake mai ganye, na jiƙa masa dusa da kanwa, na ce yanzu za mu koma yadda muke. Ya sunsuna ya kau da kai. Ya yini a tsaye yana fuskantar tsallake yana kuka, ya kwana, ya sake yini. San da ya tsallake ciwo ya tsallake yunwa, ga abinci har wuya, sai ya fara zubewa, ƙashin haƙarƙarinsa ya fito ana ƙirgawa. Rifkatu ta ce in kai shi wurin Markus kafin ya mutu mini a turke. Na ce gara ya mutu. Ƙarya nake yi, ita ma ta sani. Na riga na yanke a raina gobe zan kwance shi in kai shi da hannuna, in dawo in rufe ƙofa.

Washegari da hantsi ina kwance igiyar sai na ji sallama. Markus ne, yana jaye da Ɗan Toka, shi ma ya zama ƙashi da fata.

"Nawa ma ba shi ci," ya ce. "Kai ka da harawa, kai ka iya kiwo. Ga shi nan, shi zauna wurinka."

Ya ɗaure shi da kansa a dama da Ɓaleri. Suka shinshini juna, suka sunkuya a tare suka fara ci kamar ba su taɓa ganin harawa ba. Daɗi ya kama ni. Na ce a raina ashe ɗan'uwansa yake kewa, ba mai waƙa ba. Na raka Markus har bakin hanya, abin da ban taɓa yi ba. Washegari da sassafe sai ga shi, wai ya zo duba sansa. Tun kafin ya gama sallama Ɓaleri ya bar ci ya ɗaga kai ya saki kukan nan mai taushi. Rifkatu ta kawo wa Markus kunu, Inna ta sa aka shimfiɗa masa tabarmarta.

Haka ya riƙa zuwa kullum safiya. Shanun suka yi shekarunsu suka wuce, muka yi wasu, su ma a turkena, shi a gaba ni a baya. Da shanu suka ƙare gaba ɗaya bai daina zuwa ba, sai ya zauna a zauren nan ƙarƙashin karkiyar ya sha mini kunu, jikokina su bar ni su haye cinyarsa. Majami'u dai har yau biyu ne, kuma ni har gobe ban yarda ganga sujada ce ba, na sha faɗa masa. Amma tun daga shekarar nan gayya ɗaya muke yi, biki ɗaya, makoki ɗaya, jinkarsu ma da ta faɗi ni na hau na ɗaura musu sabuwa, don in aka bar wa Markus a karkace za ta fito.

Da bazarar nan ya kwanta, bai daɗe ba. Ranar jana'iza aka buga ƙarfenmu daga wannan gefen, ganga ta amsa daga wancan, Musulmin gari suka zo suka cika gindin tsamiya har ba wurin zama. Na duba taron na ce a raina, ni ranar tawa ko rabin wannan ba zan samu ba. An sauke shi ke nan, babbar 'yarsa ta matso ta durƙusa a gabana.

"Baba, ya bar saƙo. Ya ce kahin a maida ƙasa a yi mai waƙar shanu. Mun tambayi 'yan waƙarmu dut, babu wanda yas san ta."

Ina za su san ta? Ba a taɓa yin ta a majami'a ba, a gona kaɗai yake yin ta, kuma mutum ɗaya ne ya yi shekara da shekaru a bayanta yana shan ta tare da ƙura. Na dubi Rifkatu, ta sunkuyar da kai, wannan karon ba ta yi dariya ba. Na matsa bakin ramin na buɗe wannan muryar tawa ta kwaɗo. Tashi mu tai, hantsi ya yi. Na kai ta har ƙarshe ban manta ko kalma ba, mutane suna ta kuka, kuma na san ba don daɗin muryar ba ne.

Na tsaya ina duban likkafanin, kamar yadda na taɓa tsayawa ina duban kunnen Ɓaleri. Bai motsa ba. Aka fara tura ƙasa. Abin da ke cina ke nan tun ranar, da shi nake kwana da shi nake tashi: da ni ne a kwance, shi yana tsaye yana rera mini, na san da na tashi.